Hamma Sambo da Itacensa Mai Ƙin Ruwa

Duk wanda ya taɓa kwana a gidan Hamma Sambo na Nasarawo ya san abin da ke biyo bayan sallar asuba. Da ya dawo daga masallaci, kafin ya amsa gaisuwar kowa, sai ya tsuguna a ƙofar gida, ya naɗe hannun riga, ya cusa ɗan yatsa a ƙasar gindin kariyar nan tasa. Ya zaro, ya duba, ya sunsuna. In ya ji ƙasa a bushe ƙamas, to ranar kowa ya huta, har 'yar waƙa yake yi a hanyar kasuwa. In kuwa ya ji danshi, wayyo Allah! Tun daga zaure za ka ji muryarsa tana tsaga gida: "Wa ya zuba?" Nan da nan za a jera yara, a bi su ɗaya bayan ɗaya, har da wanda bai fara tafiya ba.

Saboda jikokinmu da ba su san kariya ba, ɗan itace ne gajere, da kyar yake kai ƙirjin mutum, gindinsa a kumbure kamar tulu. Da rani ganyenta yakan zube tas, ka rantse ta mutu, sai kawai ka wayi gari ta cika da jan fure a kan rassa tsirara. Ruwan jikinta dafi ne, ko akuyar da ta fi kowace ɓarna ba ta kallonta. Abu ɗaya take tsoro a duniya, yawan ruwa, domin shi ke ruɓar da ita daga ƙasa. Hamma yakan ce, "Gata ne ajalinta." Ya faɗi wannan magana a kan itace, ya faɗe ta a kan yara, ya faɗe ta a kaina ranar da mijina ya saya mini gadon ƙarfe.

Ni Dije taubashiyarsa ce. Mahaifiyarsa, Goggo Dudu, yayar babana ce ciki ɗaya, saboda haka Allah ya halatta mini in tsokane shi, na kuwa ci moriyar wannan dama iyakar iyawata. Yau ma da ba ya nan ba zan fasa ba.

Goggo Dudu ta rasu a ƙauyenmu, can wajen Dukku, a daminar shekarar da aka samu 'yancin kai. Ƙauyen ma a lokacin ya kama hanyar watsewa, don rijiyar ta daɗe da fara ƙafewa. Aka raba ɗan abin da ta bari, rabon Hamma ya faɗa kan wata karsana. Ku da kuka san shi kun san tela ne da ba ya yar da ko tsinken zare, guntayen ƙyalle ma tarawa yake ya cusa a matashi. Amma wallahi karsanar nan ya bar wa ƙanwarsa kiwo bai ƙara tambayar labarinta ba. Abin da ya ɗauro a bayan kekensa har Gombe shi ne reshe guda na kariyar da ke ƙofar ɗakin Goggo, wadda ta dasa da hannunta a shekarar da aka kawo ta gidan miji. Bayan 'yan shekaru ɗakin ya rushe, aka nome kangon, uwar itacen ta bi sahu. Reshen nan shi kaɗai ya rage masa daga abin da hannun mahaifiyarsa ya raina, kuma mu duka mun san haka, ko da muke masa dariya.

Da ya iso bai dasa ba. Ya rataye reshen a zaure kwana da kwanaki, wai sai bakin yankan ya bushe. Matarsa Adda Mairo saura kaɗan ta cusa shi a murhu, ranar kam sai da maƙwabta suka shigo ban haƙuri. Sai da ranar bikin 'yancin kai ta zo, gari ya ɗauki kiɗa, 'yan makaranta na wucewa da 'yan tutocinsu, sannan na biyo in ɗauki Adda Mairo mu je kallo. Na tarar da shi gumi sharkaf, ya yi jigilar yashi daga kwari ya tara ɗan tudu a gefen ƙofa, yana kafa abinsa a kai.

Na ce, "Haba Hamma! Yau ƙasa ke samun 'yancin kanta, kai kana nan kana binne sanda?"

Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Dije, ƙasar nan da sandar nan yau aka dasa su tare. Je ki sha kallonki ki dawo, mu ga wadda za ta riga fure."

To, ba zan ce komai a kan wannan ba, kowa ya yi wa kansa alƙalanci. Ni dai na san a rani na biyu sanda ta yi fure.

Da damina kuwa abin sai wanda ya gani. Ya haƙa wa tudun ɗan lambatu ta kowane gefe don ruwa ya wuce. In aka kwana biyu ana tsuga ruwa a watan Agusta, za ka tarar da laimarsa, wadda ba ya ara wa ko liman, a ɗaure a kan kariya, shi kuma ya nufi kasuwa da buhu a ka yana ɗiga. Na taɓa ce masa, "Hamma, ko za a ɗinka mata riga ne gaba ɗaya?" Ya tsaya yana auna ta da ido, har na fara jin tsoron ya ɗauki shawarar.

Wadda ta kusa kashe ta kuwa baiwar Allah ce mai tausayi, Maman Ngozi. Ita da mijinta, wani ma'aikacin jirgin ƙasa, sun tare a gidan da ke jikin na Hamma ba da daɗewa ba bayan jirgi ya iso Gombe. Daga ƙasar da ko sandar tsintsiya ka soka sai ta tsiro ta fito, ga ta ta buɗe ƙofa kullum tana ganin itace ba ganye, rana na gasa shi, mai shi kuma yana wucewa da buta cike bai ɗiga masa ba. Zuciyarta ta kasa ɗauka. Da hantsi in Hamma ya tafi kasuwa sai ta fito da ruwan wankin shinkafa, wanda ita ma saye take a wurin 'yan garuwa, ta tuttula a gindin. Yashi ne, kafin gari ya waye sama ta sha iska, amma yatsan Hamma ba ya ƙarya. Yara suka sha tuhuma har suka gaji da rantsuwa. Sai wata safiya ya zaro yatsa ya ga ƙwayar shinkafa a manne.

Ya ce, "Mairo, yaushe rabonmu da shinkafa a gidan nan?"

Ta ce, "Tun Babbar Sallah, Malam. In ka manta ni ban manta ba."

Ranar bai je kasuwa ba. Ya yi kamar ya tafi, ya zagayo ya laɓe a zaure, sai ga Maman Ngozi da kwanonta.

"Innalillahi! Maman Ngozi, ashe ke ce?"

"Malam Sambo, itacen nan yana mutuwa! Ba ka tsoron Allah? Ko kaza ne ai mutum zai ba shi ruwa!"

Ya danna gindin da babban yatsa, wurin ya lotsa kamar ruɓaɓɓiyar gwanda. Hamma ya zauna daɓas a ƙasa. Adda Mairo ta ce mini tun rasuwar Goggo ba ta ga fuskarsa haka ba.

Da ya dawo hayyacinsa sai ya aika a kira wanzami. Mutumin ya zo da zabirarsa yana tambaya, "Malam, wa za a yi wa ƙaho?" Hamma ya nuna masa kariyar da ya riga ya tono, tana kwance a kan tabarma, ya ce, "Ga ta nan. Fiɗa za ka yi." Wanzami ya duba hagu ya duba dama ko zai ga mai dariya, bai ga kowa ba. Ya rantse ba zai sa askar da yake yi wa jarirai aski a jikin dafi ba, sai da Hamma ya kawo tasa. Haka suka duƙufa, Hamma na riƙe, shi yana yanke ruɓar yana yarwa, har suka kai ga farin nama mai tauri. Aka barbaɗa toka a wurin, aka kwantar da ita a inuwar zaure ta sha iska kafin a mayar.

Ni kuwa da labari ya iske ni, me zan yi in ba dama kunun tsamiya ba? Na saka mayafi na taho da kwanona, na yi sallama da muryar tausayi.

"Hamma, ya mai jiki? Ga ɗan kunu na kawo mata."

"Da sauƙi. Amma an hana ta abu mai ruwa-ruwa. Miƙo nan."

Ya shanye tas, ya miƙo mini kwano ya ce gobe in ƙara tsamiya.

Maman Ngozi ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta kawo doya ban haƙuri. Hamma ya ce mata, "Niyyarki mai kyau ce, Allah ya ba ki ladanta. Amma don Allah nan gaba in tausayi ya kama ki, ki zuba wa Mairo a randa." Kariya ta tashi, tun daga nan kuma ba ta da mai gadi kamar Maman Ngozi. Yaro ya kuskura ya tsaya fitsari kusa da tudun, sai ya ji ludayi a ƙeya.

Da aka yi tashin hankalin nan na sittin da shida, Hamma da kansa ya raka su tasha, ya riƙe musu makullin gida. Ana ta kuka ana cusa kaya ta taga, shi kuwa sai ya zaro wani abu a naɗe da ƙyalle ya miƙa mata, reshen kariya ne. Ya bi jirgin yana ɗaga murya, "A ƙarƙashin rumfa! Ƙasarku ruwa ya yi yawa!" Bayan yaƙi Allah ya dawo da su, a rame, ba mijin. Muka fito tarya, kafin kowa ya buɗe baki Hamma ya ce, "Maman Ngozi, ina reshen?"

Ta ce, "Ruwan sama ya kashe shi, Malam Sambo."

"Ai sai da na ce ki sa shi a ƙarƙashin rumfa!"

Ta dube shi ta ce, "Rumfar ma ba ta tsira ba."

Hamma ya sunkuyar da kai. Ya shiga gida ya fito da makullinta, ya buɗe mata ƙofa ta ga ko cokali bai ɓata ba. Washegari ya yanko wani reshen ya rataye mata a zaurensa.

Shekarun farin nan da suka biyo baya su ne lokacin girbin Hamma. Kun san Gombe da ruwa ko a shekarar albarka, balle an yi damina biyu ba ta kirki ba. Rijiyoyi suka ƙafe, mata na bin 'yan garuwa da roƙo. Mangwaro da gwaiba da mutane suka ɗora wa rai duk suka zama itacen girki. Ita kuwa kariya, kamar an taɓo mata inda yake mata ƙaiƙayi, ta yi furen da ba ta taɓa yi ba, tun daga bakin layi kana hango jan. Masu zuwa neman ruwa sukan sauke tulu su tsaya kallo. Hamma ya riƙa fito da kujera yana zama gefenta yana amsa gaisuwa, ka ce shi ya yi furen. Duk wanda ya taɓa yi masa dariya sai ya kira shi da suna, ya tambaye shi lafiyar mangwaronsa, sannan ya ƙara da cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ni ma, gaskiya, na yi alfahari. Duk baƙuwar da ta sauka a wurina sai na ja ta zuwa Nasarawo na nuna mata, ina cewa ta goggona ce.

A lokacin ne mutumin da bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba, wai asarar kuɗi ce, ya saka babbar rigarsa ya kira mai hoto har gida. Mai hoto ya ce, "Baba, matso tsakiya." Ya ƙi. "Baba, rabinka ba ya ciki fa." Ya ce, "Ɗauka kawai, yaro. Ai ba ni aka zo ɗauka ba." Hoton nan da kuke gani a falo, itace a tsakiya, ga kunne ɗaya da rabin gemu a gefe, shi ke nan hoton kakanku da muke da shi a duniya.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Ma'aikata suka samu ƙarin albashi, kowa ya haukace da bulo da kwano da rediyo mai kaset. Babban ɗan Hamma, Usmanu, yana aikin gwamnati a Bauchi, ya sayi mota fara sol, ya zo da niyyar alheri: zai rushe gidan ƙasa ya gina wa iyayensa na siminti, da get babba yadda motar za ta shiga. Birkila ya ja igiyarsa, igiya ta ratsa ta tsakiyar kariya.

Usmanu ɗan fari ne, kuma Hamma irin mutanen da ne masu kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunansa ba, ba ya kuma yi masa magana kai tsaye in akwai wani a wurin. Ranar ni ce wanin.

Usmanu ya durƙusa ya ce, "Baba, sai a tono ta a mayar cikin gida. Ko kuma in kawo maka irin fulawar da ake sawa a gidajen manya."

Hamma ya juyo gare ni. "Dije, gaya wa mutumin nan an taɓa tono ta sau ɗaya tana da ƙuruciya, da kyar ta tashi. Yanzu ta tsufa, saiwarta ta yi nisa. In aka ɗaga ta ba za ta koma ba."

Na juya na ce, "Usmanu, wai in gaya maka..."

"Na ji, Goggo. Amma ki gaya masa nan ne kaɗai mota za ta iya shiga."

"Dije, tambaye shi, motar nan tasa ta san Innata?"

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Usmanu ya ce magina za su fara ranar Asabar, in an gama Baba zai gode masa. Ranar Asabar magina suka iso da diga da shebur, suka tarar Hamma ya kwaso keken ɗinkinsa daga kasuwa ya kafa a jikin kariya, yana ta taka shi hankali kwance. Masu kawo ɗinki suka biyo shi nan. Maman Ngozi ta fito da kujerarta ta zauna a ɗaya gefen tana ɓarar agushi. Magina suka yini a inuwa suna cin gyaɗa, washegari ma haka. Da abin ya ishi birkila sai ya ce shi fa yana da wani aikin a Gabukka, in an yarda zai lanƙwasa katangar ta shiga ciki ta zagaye itacen. Haka aka yi. Get ya matsa gefe ya tsuke, mota ta gwada shiga ta gaba ta gwada ta baya, ta ƙare da kwana a ƙofar Maman Ngozi. Har gobe in ka ce wa mai keke ya kai ka gida mai lanƙwasa a Nasarawo ba zai tambaye ka kwatance ba.

Mun yi dariya, amma abin bai ƙare da daɗi ba. Usmanu ya ji ciwo ƙwarai, gani yake ya kawo alheri an kunyata shi a gaban unguwa saboda itace. Ya gama ginin, ya shafe shi da fenti, ya rage zuwa gida. Ita ma kariya ta ji jiki, don wajen haƙa harsashi an datse mata saiwa ta gefe ɗaya, ga ruwan siminti da ya malalo mata. Rani ya zo ya wuce ba fure ko ɗaya. Hamma kuwa rigunansa suka fara yi masa yawa.

Shekara na zagayowa ciwo ya kwantar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye. Ɗakinsa na sabon gini yana jikin lanƙwasar nan, bango ɗaya ne tsakaninsa da kariya, amma ba taga ta wannan gefen. Duk wanda ya shigo dubiya, tambaya ɗaya yake masa da karkataccen bakinsa: "Ta yi?" Mu ce tukuna. Ya juya fuska bango.

Ana tsakiyar zafin bazara Maman Ngozi ta faɗo gidan ba ko sallama, ɗankwali a hannu, tana ihu, "Ya fito! Malam Sambo, fure ya fito!" Muka ce bari a ɗauke shi a fitar da shi ya gani. Ya ce ba wanda zai kinkime shi kamar buhun auduga a gaban jama'a. Muka ce to a tsinko masa guda. Ya ce wanda ya tsinka bai yafe ba. Ga fure a bayan bango, ga mai shi a kwance, an rasa yadda za a yi da wannan taurin kai.

Ranar Juma'a Usmanu ya iso daga Bauchi. Adda Mairo ta ba shi labari a tsakar gida, ya saurara, ya fita. Ina zaune wurin Hamma ina masa fifita sai muka ji dum! a jikin bango. Dum! Fenti ya fara zubowa.

Hamma ya ce, "Dije, me kuma mutumin nan yake rusawa?"

Na ja gadon baya, na rufa masa zane saboda ƙura. Can sai bulo ya faɗo, haske ya shigo, ga Usmanu a waje cikin farin kaftaninsa na masallaci, guduma a hannu, ya yi buɗu-buɗu. Ya ci gaba da dukan bangon da ya gina da guminsa har ya buɗe wuri kamar faɗin faifai biyu, daidai saitin matashin mahaifinsa, sannan ya koma gefe. Rassan suna nan dab da ramin, jajir da fure.

Hamma ya daɗe yana kallo. Ni dai na ga hawaye na bin gefen fuskar da ba ta motsi, na yi kamar ban gani ba. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Dije, gaya masa kar ya zubar da ɓaraguzan nan, bulo ne mai kyau."

Na buɗe baki zan isar da saƙo, sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya tsayar da ni. Ya juya idonsa wajen ramin ya ce, "Usmanu."

Gudumar ta faɗi ƙasa.

"Usmanu, Allah ya yi maka albarka."

Ƙato da shi, mai mota, mai 'ya'ya, ya durƙushe a gindin itacen yana kuka kamar yaron goye. Ni ma da nake taƙamar ban taɓa barin Hamma ya yi magana ta ƙarshe ba, ranar na bar masa.

Bai kai damina ba. Ya cika da rana tsaka, fuskarsa na kallon wajen, furen bai gama zuba ba.

Allah ya jiƙan Hamma Sambo, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da Innarsa a gidan da ba a rabuwa. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.